Randar da Kika Hana a Ba Ni

Guna, ranar Laraba da hantsi.

Iya,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ban taɓa samun bakin yi miki ido da ido ba. Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma ba ke za ki karanta ba. Ƙanwata Zainabu ce za ta zauna a bakin tabarma ta karanta, ke kuma ki juya baya kina murza yumɓu kamar ba da ke ake ba, tunda ɗan fari ne ya rubuto. Haka muka rayu ni da ke. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa dubana sosai a gaban mutane ba, ni ma na tashi ina jin nauyinki. Yau babu kowa a tsakaninmu, shi ya sa zan faɗi komai, kuma zan faɗe shi daidai.

Bari in fara da labarin gida, na san shi za ki fara nema. Baba yana nan lafiya, sai gwiwar nan tasa. Geron bara ya yi, gyaɗa ce ba ta yi ba don ruwa ya ɗauke da wuri. Na tambaye shi dami nawa aka samu, ya ce alhamdu lillahi. Na sake tambaya, ya ce in shiga rumbun in ƙirga da kaina tunda ni aka aika karatun ƙirga. Ban shiga ba, don haka ba zan ba ki adadi ba. Zainabu ta sauka lafiya, mace, kuma sunanki aka sa mata. Ummi muke ce mata, ba wanda bakinsa ke iya ɗaukar sunan. Ƙanwarki Inna Barira ba ta bar ginin tukwane ba. Kowace Lahadi tana loda amalanke zuwa kasuwar Mirriya, sai dai ta ce tun da aka kawo firigo mai aiki da hasken rana a shagon bakin hanya, matasa sun fi son ruwan leda. Tsofaffi ne ke tambayar randa, kuma har yanzu wasu taki suke tambaya.

Na kwana biyu a Zango, cikin Zinder, wurin Kawu Mutari kafin in ƙaraso, a ɗakin nan da na zauna lokacin da nake lise, makarantar sakandare. Ya bi layinsu kaf yana gaya wa Kanawa abokan kasuwancinsa cewa ɗan ƴar'uwarsa ya dawo daga Faransa, ya zama dokta a fannin sanyi. Washegari da safe sai ga wani Alhaji da firigo ɗaure a bayan kabu-kabu, wai ya daina ƙanƙara, in duba masa. Na yi masa bayani har sau biyu cewa aikina na takarda ne da ordinatar, wato kwamfuta. Ya dube ni da tausayi, ya ce wa Kawu to Allah ya sa karatun bai lalata yaron ba. Da kina nan da kin rufe baki da gefen zane kin yi dariya.

To, Iya, ga abin da ya sa na ɗauki bik ina rubuto miki. Na yi miki ƙarya guda ɗaya, kuma da ita kika tafi. Kwana ɗari biyu da goma sha huɗu na yi ina ɗauke da ita.

Kin tuna yadda muke yi kowace Juma'a. In na fito masallaci sai in kira wayar Zainabu, ta zo kusa da ke ta zauna. Ba kya karɓa. Sai ki ce mata ta tambayi wancan na ƙasar sanyi ko yana cin abinci, ta tambaye shi ko ya gama. Shekara uku ana haka, ina jin muryarki daga nesa tare da kukan kaji. A Juma'ar nan ta ƙarshen damina, bayan an dawo da ke daga asibiti karo na biyu, sai na ji wayar ta yi shiru, sannan na ji numfashinki. Da hannunki kika karɓa. Da bakinki kika tambaye ni ko na gama. Ban taɓa jin muryarki kusa da kunnena haka ba tun ina goye. Na ji yadda ta sirance, na gane abin da ake ɓoye mini da ake ta cewa jiki da sauƙi. Sai na ce miki na gama. Kika yi hamdala, kika miƙa wa Zainabu wayar. Bayan kwana tara, ranar Lahadi, kika rasu.

Ban gama ba, Iya. A ranar ma ina ganin ba zan taɓa gamawa ba.

Dole in gaya miki mene ne aikin, in ba haka ba ba za ki gane inda na maƙale ba. Ban taɓa yi miki bayaninsa ba, ina ganin ya yi miki nisa, alhali ke ce kika fi kowa kusa da shi a garin nan.

Kowane abu da ƙananan ƙwayoyi aka yi shi, ƙwayoyin zarra da kike jin malamai na ambata. Zafi ba komai ba ne illa motsinsu. In motsin ya ragu, sanyi ya ƙaru. Sanyi kuma yana da gindi, akwai inda ba a wucewa, degre ɗari biyu da saba'in da uku da ɗan ɗori ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Ba wanda ya taɓa isa gindin, kuma lissafi ya nuna ba za a isa ba. Amma mutanen labo, wato masu gwaji da hannu, suna matsawa kusa ƙwarai, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na degre guda ba. Suna ɗaukar tururin wani ƙarfe mara nauyi da ake kira litiyom, su sa shi a akwatin da aka zuƙe wa iska, su riƙe shi a tsakiya da haske, ba ya taɓa komai. Da farko haske ne ke rage masa gudu. Mataki na ƙarshe kuwa, Iya, naki ne. Suna sassauta riƙon kaɗan kaɗan, ƙwayoyin da suka fi zafi su tsere, su tafi da zafin, waɗanda suka rage su raba ɗan abin da ya saura, su ƙara sanyi. Ana asarar mafi yawa don kaɗan su yi sanyi.

Ba haka randa ke yi ba? Kin tuna yadda kike ƙara wa yumɓun randa ƙaiƙayin gero da dakakken tsingaro, kike ƙin goge jikinta ya yi santsi kamar tukunyar miya, don ruwa ya riƙa naso? Abin da ya naso ya bi iska, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Ranar da malamin ajinmu ya fara koya mana wannan, da kofin kafe, gahawa mai zafi, ya ba da misali. Ni kuwa randarki ta ƙarƙashin bishiyar bedi nake gani, da faifai a bakinta da moɗa a kai. Na so in ɗaga hannu in ce uwata maginiya ce, ta san wannan da yatsunta. Ban ɗaga ba. Na ji tsoron kada a yi dariya. Wannan ma ina neman ki yafe mini.

Ƙwayoyin da nake aiki a kansu iri biyu ne, duk da ƙarfen ɗaya ne. Muna cewa wasu sun dubi sama, wasu sun dubi ƙasa, ko da yake ba fuska gare su ba. Ƴan iri ɗaya ba sa yarda su haɗa wuri. Mabambanta kuwa suna jan juna, kuma da maganaɗisu ana iya ƙara jan har ya kai iyakar da halitta ta yarda. In an kai nan, ba ka iya bin ƙwaya ɗaya ka ce ga abin da take yi, kamar yadda ba a ware tsabar yashi guda daga yumɓun da aka gama kwaɓawa. In sanyi ya isa sai su haɗu bibbiyu, gaba ɗayansu su riƙa gudana ba tirjiya ko kaɗan. Ni ba na taɓa akwatin. Aikina shi ne in lissafa yawan ƙarfin da ke cikin wannan tururi a kowane matakin sanyi, in ja layi a takarda, sannan in ɗora layin kan ɗige-ɗigen da mutanen labo suka auna. In layi ya hau ɗigo, lissafi ya yi. Tez ɗina, wato babban littafin da zan miƙa a ba ni dokta, a kan wannan layi ya tsaya.

Layina bai hau ba. Ya bi ta gefe, ya bar ɗige-ɗigen nesa, tazarar kuma ba iri ɗaya ba ce ko'ina. Tun bazarar bara na gani. Na sake lissafin daga farko da hannu, na cika kaye huɗu, littattafan rubutu. Na sake rubuta wa ordinatar umarnin sau uku. Kowane karo amsa ɗaya take ba ni. Kin san halina, ban taɓa zargin kowa ba sai kaina. Na ce wani wuri na yi kuskure, kuma in ban gan shi ba to kaina ne bai kai ba. Malamar da ke duba aikina dattijuwa ce mai kirki, ita ta zaɓe ni tun daga Yamai ba ta taɓa ganina ba. Na ji tsoron ranar da za ta gane ta yi zaɓen banza. Sai na riƙa kai mata sauran babukan, ina ɓoye wannan. In ta tambaya in ce saura kaɗan. Wata biyar ina haka lokacin da kika karɓi wayar nan. Shi ya sa ma ban zo hutu ba. Kullum ina cewa mako ɗaya kawai, in gano shi in taho. Me ya hana ni tahowa haka nan? Wa ya ce mini sai da takarda za ki karɓe ni?

Na iso bayan an rufe ki da kwana uku. A cikin kar, babbar motar fasinja, daga Yamai zuwa Zinder, yini guda cur, ban yi miki kukan da ya kamata ba. Tunanin mutane nake yi. Na tabbata kin gaya wa duk Guna ɗanki ya gama, kuma kowa zai haɗa mini ta'aziyya da barka. Na yi ta shirya amsar da ba ƙarya ba ce kuma ba ta tona ni ba, ban samu ba. Na zauna a zaure tare da Baba har aka yi sadakar bakwai. Mutane suka zo daga Mirriya, daga Damagaram Takaya, daga Zango. Ba wanda ya yi mini barka, ko mutum ɗaya. Baba ma da zan koma cewa ya yi in je in ƙarasa abin da na fara. Na ce a raina ciwo ne ya hana ki faɗa. Na ji sauƙi, sannan na ji kunyar jin sauƙin.

Da na koma na ƙara wata biyu ina zagaya wuri ɗaya. Ba wata dabara ta lissafi ce ta fitar da ni ba. Safiyar ɗibar tukwane na tuna. In wuta ta mutu toka ta huce, kina tsugunawa ki ɗaga kowace tukunya ki ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ki kara kunne. Wadda ta yi ƙara garau ki ajiye dama. Wadda muryarta ta dushe ki fasa ta nan take a gaban sauran mata, ko da ido bai ga tsagar ba. Wasu suna shafe tsaga da ɗanyen yumɓu da baƙin tukunya su kai kasuwa. Ke ba ki taɓa ba, kuma ban taɓa ganin kin sunkuyar da kai don taki ta fashe ba. Dakawa kike yi ki zuba a sabon kwaɓi. Sai na ga ni wata bakwai ke nan ina shafa baƙin tukunya.

Ranar wata Litinin da ƙarfe goma na safe na shiga ofishin malamata, na ajiye takardar a gabanta, layi a gefe, ɗigo a gefe. Ta duba, bai kai minti biyar ba. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce wata bakwai. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wata bakwai ni kaɗai, kamar ba mutane a ginin. Wannan ne kawai faɗan da ta yi mini. Sannan ta tambaya ko na taɓa sauka ƙasa na ga yadda ake ɗaukar hoton ƙwayoyin. Iya, shekara uku ina ginin nan, mu masu lissafi a hawa na huɗu, labo a can ƙarƙashin ƙasa, ban taɓa sauka ba. Lambobi ne ke zuwa mini ta ordinatar, ina karɓa. Ke da ba ki taɓa gini da yumɓun da ba ki je bakin raminsa kin murza da hannunki ba. Ta ce in sauka yanzu. Ina jin ta riga ta gane, so take in gani da idona.

Wata ɗaliba mai suna Selin na tarar a can, cikin wayoyi da madubai. Ta nuna mini a natse. Ba a ganin ƙwayoyin kai tsaye. Haske ake haska musu, a ɗauki hoton inuwarsu, daga duhun inuwar a san yawansu. Amma hasken an daidaita shi ne da iri ɗaya kawai. Ɗaya irin, haske wucewa yake ta cikinsa kamar gilashi, ba ya yin inuwa. Tunda an zuba su daidai wa daida, sai su ɗauki hoton iri ɗaya su rubuta adadinsa. Kowa a ƙasa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin rubutawa. Ni kuwa a sama na ɗauki adadin a matsayin duka. Rabin ƙwayoyin suna nan cikin akwati, suna ja, suna riƙe ƴan'uwansu, ni ban ƙirga su ba don ba su fito a hoto ba.

Lissafina ba shi da aibu ko ɗaya, Iya. Rabin kaya na zuba masa. Za ki ce, to mai ƙirga irinka bai ga an ninka biyu ba? Na tambayi kaina haka. Biyun ba ya fitowa a matsayin biyu. In ya bi ta cikin lissafin sai ya koma ɗaya da ɗigo hamsin da tara, kuma yana taɓa ma'aunin sanyi da ma'aunin ƙarfi a lokaci guda, shi ya sa tazarar ta yi ta canza kama. Na hau sama da gudu, na gyara layi ɗaya tak cikin umarnin ordinatar. Kafin azahar layina ya kwanta kan ɗige-ɗigen. Don in faɗi gaskiya, ban da biyu na can ƙarshen sanyi, inda ya ɗan haura su kaɗan. Har yau ban san dalili ba, kuma haka na rubuta a tez, cewa ban sani ba. Na fita na zauna a kan matakala. Kukan da ban yi a cikin kar ba, a nan na yi shi, da rana tsaka, mutane suna ratsa ni da kofunansu.

Duk da haka ƙaryar tana nan. Na ce miki na gama, kuma sai malamai sun ce an gama ake gamawa. Na yi wata biyar ina rubutu ina gyara. Ranar sutnans, ranar da ɗalibi ke tsayawa ya kare aikinsa, hoton farko da na nuna musu na randa ne. Zainabu ta ɗauko mini a wurin Inna Barira. Na ce uwata maginiya ce a ƙasar Damagaram, kuma a gindin randarta na fara shan ruwan da aka sanyaya ta wannan hanya. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho cikin malaman ya tambaye ni degre nawa randar ke ragewa. Tambayoyin lissafi duk na amsa, wannan ce ta kayar da ni. Na ce ban taɓa aunawa ba, kuma ba zan yi ƙiyasi ba. Ya ce to in na koma gida in auna in rubuto masa. Washegari na sayi ma'aunin zafi na sa a jaka.

Na zaci labarin ya ƙare a nan. Na zaci zan zo in tsaya a kan kabarinki in nemi gafarar ruɗin da na yi miki, in rayu da sanin cewa kin tafi da farin cikin ƙarya.

Shekaranjiya da na iso, bayan an gama gaishe-gaishe, Inna Barira ta zaunar da ni ta ba ni fura. Ta tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, wai yaushe ne ma na gama. Na fara ba ta amsa, rana da sa'a da yawan malamai da tsawon tambayoyi. Ban kai rabi ba ta ɗaga hannu ta ce ya isa haka, ta ji abin da aka ce ta saurara. Ta ja ni zuwa ɗakinki. A bayan gado, ƙarƙashin tsohon zanenki mai ruwan bula, akwai randa sabuwa da ba a taɓa zuba wa ruwa ba.

Ta ce a gashin ƙarshe kafin ruwan bara ya sauka kika yi ta, kika ce ta wancan na ƙasar sanyi ce in ya dawo. Ta ce ranar Juma'ar nan, da kika miƙa wa Zainabu waya, kin jira ta fita, sannan kika ce yaron nan bai gama ba. Ta tambaye ki yadda kika sani. Kika ce tun yana ƙarami, in an aike shi ya dubo ko akuya ta haihu, sai ya dawo da lokacin da ta haihu da yawan ƴaƴan da launin kowanne da wanda ya fara tsayawa. In an tambaye shi ko an yi ruwa a gona, sai ya ce yatsa nawa ya shiga ƙasa. Yau kuwa ya ce na gama, tsirara, ba rana, ba sa'a, ba adadin komai. Kika ce muryar ta dushe.

Iya, ashe ƙwanƙwasa ni kika yi.

Inna Barira ta ce kin yi dariya, dariyar farko cikin kwanaki, har tari ya sarƙe ki. Kika ce ashe shi ma ya iya, ashe ya girma har ya fara tausayin uwarsa. Kika hana ta gaya wa kowa, har Baba, kika ja kunnen Zainabu ita ma, don kada a yi mini barkar da za ta ƙone ni. Kika ce zai gama, ba ki da shakka, amma kada a ba shi randar sai ranar da ya zo yana magana da lambobinsa. Kwana tara kika yi da sirrina a bakinki, mata suna shigowa dubiya suna tambayar labarin ɗanki, kina cewa yana can yana fama.

Ban san yadda zan gaya miki abin da na ji ba. Kamar an sauke mini buhun da na manta ina ɗauke da shi. Ban ruɗe ki ba. Ba ki tafi da ƙarya ba, kin tafi kin san ni sarai, fiye da yadda na san kaina. Duk shekarun nan ina ganin ba kya kallona, don ban taɓa kama idonki a kaina ba. Me ya sa ban gane ba? Wa ke ƙirga yatsun da nake faɗa in ba mai saurare ba? Ni da na yi wata bakwai ina kuka da rabin da bai fito a hoto ba, ban koyi komai ba sai da Inna Barira ta ɗaga zanen nan.

Na fito da randar da kaina. Na ƙwanƙwasa ta yadda kike yi, ta amsa garau. Na wanke ta, na cika ta, ruwan farko mai ɗanɗanon ƙasa na zuba wa bedi. Na kafa ta kan yashi a inda tsohuwar randarki take, na rufe da faifai. Jiya da ƙarfe biyu na rana na auna, sau uku, don kada in yi wa tsohon nan ƙarya. Iska a inuwa degre arba'in da biyu. Ruwan bokitin roba da ke gefe talatin da shida. Ruwan randarki ashirin da biyar. Daga safe zuwa la'asar ruwan ya ragu da yatsa biyu, su ne suka tafi da zafin. Baba ya tsaya yana kallona da ma'auni a cikin randa, ya girgiza kai, ya ce uwarka ba ta taɓa buƙatar wannan tsinken ba. Sannan ya karɓi moɗa ya sha, ya sake sha, ya juya ya shiga zaure.

Ban san abin da ke gaba ba tukuna. Malamata tana so in koma mu bi sawun ɗigo biyun nan, ni kuma ina so in koyar a nan kusa da Baba. Wannan damuwar gobe ce, kuma na lura ba ta hana ni cin tuwo ba. Zainabu ta ce na fara yin ƙiba cikin kwana biyu, ƙarya take, amma na bar ta.

In an yi la'asar zan je in gaishe ki. Kafin nan, ki sake tambayata abin da kika tambaye ni ranar Juma'ar nan, in ba ki amsa yadda kika san ɗanki.

Ranar Talata ce, Iya. Malamai biyar ne, uku maza, biyu mata. Na yi bayani minti arba'in da biyar, suka yi tambayoyi sa'a ɗaya da rabi, suka fita shawara minti ashirin da biyar. Da ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma suka dawo, kowa ya miƙe tsaye, shugabarsu ta karanta. Na gama, Iya.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya shayar da ke ruwan da ya fi na randarki sanyi. Ki huta. Zan rubuta sunan a ƙasa, ba sai kin faɗa ba.

Ɗanki na fari,
Lawali